Agusta ko Disamba: wane dare ya kamata ka ware wa ruwan taurari?

Shekarar da na fara ɗaukar kallon sama da muhimmanci, na karanta a waya cewa daren 12 ga Agusta za a yi ruwan taurari, wato a riƙa ganin taurari suna gifta sama kamar sun faɗo, har ɗari a cikin awa ɗaya. Na tara yaran gidanmu na yi musu alkawari, muka hau mota zuwa ƙauyen kakanninmu don mu guje wa fitilun birni. Tun bayan la'asar gabas ta fara haɗa rai. Kafin magariba iska ta taso, aka tsuge da ruwa. Wajen ƙarfe tara ruwan ya ɗauke, na ce musu su yi haƙuri, yanzu gari zai washe. Bai washe ba. Wani farin gajimare ne ya shimfiɗu daga wannan gefe zuwa wancan, ko tauraro ɗaya babu. Ɗan ƙanena yana ta tambaya, "Baffa, yaushe za su fara?" har barci ya kwashe shi a kan tabarma. Ni kaɗai na kai assalatu a zaune. Sau ɗaya gajimaren ya ɗan tsage ta arewa, na ga guda biyu sun gifta, ya sake rufewa. Abin ya tsaya mini a rai, domin yara ba su manta alkawari, kuma ni ne na sa musu rai.

Tun daga nan nake bin wannan lamari kowace shekara, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce: idan mutum dare ɗaya kawai zai iya warewa, kuɗin mota na tafiya ɗaya ke gare shi, wane dare zai zaɓa? Manyan ruwan taurari na shekara guda biyu ne. Akwai na tsakiyar Agusta, wanda masana ke kira Farsiyid, da na tsakiyar Disamba, Jaminid. A ƙasar Hausa na farko yana faɗowa cikin marka, na biyu cikin hunturu. Wato zaɓin naka tsakanin hadari ne da hazo, kuma ɓarnar da suke yi ba iri ɗaya ba ce.

Bari in fara da abin da ake kallon, don a gane dalilin da ya sa ranakun ba su canzawa. Hasken nan da ke gifta sama cikin ƙiftawar ido, wanda muke cewa tauraro ya faɗo, ɗan ƙanƙanin tsakuwa ne, yawanci bai wuce ƙwayar yashi ko ta gero ba. Yakan shigo iskar da ke lulluɓe da duniya da gudu mai tsanani, ya yi zafi ya ƙone tun yana can sama, a tazarar kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Duniya tana zagaya rana a kan hanya ɗaya kowace shekara, a wasu wurare kuma hanyar tana ratsa tarkacen da wata tauraruwa mai wutsiya ta bari a baya. Duk shekara idan muka iso wurin, sai a yi ruwan. Na Agusta tarkacen tauraruwa mai wutsiya ne da ake kira Swift-Tuttle, wadda Lewis Swift da Horace Tuttle suka gano a 1862. Tana ɗaukar kimanin shekara 133 kafin ta zagayo, zuwanta na ƙarshe kusa da rana a 1992 ne. Na Disamba kuwa asalinsa wani dutse ne da ke zagaya rana, mai faɗin kilomita biyar zuwa shida, sunansa Phaethon, wanda wani tauraron ɗan'adam ya hango a 1983. Ka lura da tsayin nan na kilomita 80 zuwa 120. Gajimaren hadari mafi tsawo bai kai ko kusa da nan ba. Saboda haka a daren da muka kwana zaune a ƙauye, ruwan taurarin yana ta zuba a bisa kanmu, gajimare ne kawai ya shiga tsakani.

To me ya sa na Agusta ya fi suna? Domin labarin daga Turai da Amurka yake zuwa mana. A can Agusta lokacin zafi ne da hutu, mutane na iya kwana a waje, Disamba kuwa sanyin ƙanƙara ne da gajimare. Don haka jaridunsu suke cika baki da na Agusta, mu kuma a kawo mana labarin yadda yake, ba a tuna cewa a Kano da Katsina da Damagaram Agusta ne watan da ya fi kowane wata ruwa. Ban ga laifin mai kawo labarin ba, amma mai shirin fita da dare ya kamata ya san cewa shawarar da ta dace da Sifaniya ba lallai ta dace da Gumel ba.

Sai batun adadi, inda mutane suka fi shan yaudara. Idan an ce ɗari a awa ga na Agusta, ko 120 zuwa 150 ga na Disamba, lissafi ne na dare mafi kyau da za a iya samu: babu wata, babu fitila, babu ƙura, kuma tushen da suke fitowa yana daidai tsakar ka. Kowane ruwan taurari yana da wuri ɗaya a sama da za ka ga kamar daga nan suke bazuwa, kamar yadda layukan titi ke haɗuwa a can nesa. Iya tsayin wannan tushe a sama, iya yawan abin da za ka gani. A nan ne matsayinmu a doron ƙasa yake shigowa.

Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Sakkwato da Maraɗi da Yamai suna kan 13 ko ɗan sama da haka, Injamena kusan daidai da Kano. Tushen ruwan Agusta yana can arewa sosai. Daga Kano ba ya ɓullowa sai wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, ta arewa maso gabas, kuma a hankali yake hawa. Ƙarfe biyu yana kan digiri ashirin da 'yan kai. Sai wajen huɗu da rabi yake kai digiri 40, daga nan kuma alfijir ya kusa. Idan kana son auna digiri ba tare da na'ura ba, miƙa hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kusan digiri goma ne. Wato a mafi kyawun lokacinsa, tushen Agusta dunƙule huɗu ne daga ƙasa. A wannan tsayi kusan kashi biyu cikin uku na adadin da aka faɗa za a iya samu. Ɗari ta koma sittin da wani abu tun kafin a zo maganar gajimare, kuma lokacin da ya fi albarka bai wuce awa biyu ba, daga ƙarfe uku zuwa kiran sallar asuba.

Tushen ruwan Disamba kuwa kamar don mu aka ajiye shi. Yana fitowa wajen ƙarfe takwas na dare, bayan an idar da isha'i ke nan. Ƙarfe sha ɗaya ya riga ya kai tsayin da na Agusta bai samu ba sai gab da asuba. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna yana kan digiri kusan 70, saura ƙiris ya kai tsakar ka, kuma yana nan da tsayinsa har gari ya fara wayewa. Ke nan kana da kimanin awa shida masu kyau maimakon biyu. Wannan ya wuce batun lissafi idan da yara za ka fita. Yaro ɗan shekara takwas zai iya kai ƙarfe goma ko sha ɗaya idonsa biyu, musamman idan ya riga ya ga ɗaya ko biyu sun wuce. Amma ka ce zai jira ƙarfe uku, ko ka tashe shi cikin raɓar damina, ka ɗora masa abin da ba zai iya ba. Haka ma'aikaci ko ɗan kasuwa da zai fita da sassafe: a Disamba zai iya yin awa biyu kafin sha biyu ya je ya kwanta, ya ga abin kirki.

Kamanninsu ma sun bambanta, kuma a nan dole in yaba wa na Agusta. Suna shigowa da gudun kilomita 59 a daƙiƙa ɗaya, wulƙ kamar walƙiya, masu haske daga cikinsu sukan bar wani siririn sawu a sama na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kamar an ja alli a baƙin allo. Duk wanda ya taɓa ganin wannan sawun ba ya mantawa. Na Disamba gudunsu kilomita 35 ne a daƙiƙa, sun fi natsuwa, ba kasafai suke barin sawu ba, amma suna da haske, wasu fari tas, wasu da ɗan ruwan ɗorawa, jefi-jefi a ga mai ɗan kore. Natsuwar tasu tana da amfani ga sabon shiga, domin idan wani ya ce "ga shi can!" akwai yiwuwar ka juya ka riski ƙarshensa. Na Agusta kafin ka ɗaga kai ya wuce.

Yanzu ga ainihin maganar, hadari da hazo.

Abin da na koya a daren farko shi ne ɗaukewar ruwa ba ita ce washewar gari ba. Hadarin daminarmu yawanci daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, sau da yawa da yamma ko cikin dare. Gabansa ne ke da iska da tsawa da ruwa mai ƙarfi, kuma wannan ba ya daɗewa. Amma a bayansa yana jan wani shimfiɗaɗɗen gajimare na can sama mai faɗin ɗaruruwan kilomita, shi ne ke kawo yayyafin da ke biyo baya, kuma yakan yi awoyi kafin ya gushe. Hadarin da ya sauka da magariba zai iya cinye maka dare har asuba. A cikin marka kuma akwai ranakun da ko ba a yi ruwa ba gari a lumshe yake wuni ya kwana. Gajimare ba ya ragi. Idan ya rufe, ba rabi za ka gani ba, ba kashi ɗaya cikin goma ba, babu kawai. Kuma hasashensa yana da wuya. Hukumar hasashen yanayi za ta iya gaya maka cewa akwai yiwuwar hadari a jihohi kaza, amma ba wanda zai iya ce maka tun mako guda kafin ranar cewa saman ƙauyenku zai buɗe daga ƙarfe uku zuwa biyar. Ga wanda zai biya kuɗin mota, wannan caca ce da kuɗinsa da barcinsa.

Sai dai akwai abu ɗaya da damina ta fi kowane lokaci. Idan Allah ya sa hadarin ya wuce da wuri kuma gajimaren ya janye, saman da za ka gani babu kamarsa a duk shekara. Ruwa ya wanke ƙura tas, taurari suna ƙyalli har ƙasa-ƙasa kusa da bishiyoyi, farin zanen nan na taurari da ya ratsa sama yana fitowa kamar hayaƙi. Na samu irin wannan daren sau ɗaya a cikin shekarun da na yi ina gwadawa, daga tsakar gida ma, ba tare da na shirya ba. Na tashi ne cikin dare na ga gari garau, na shimfiɗa tabarma. Abin da na gani a awa ɗaya da rabi ya biya ni duk dararen da suka lalace. Shi ya sa ba zan ce a yi watsi da Agusta ba. Kuma yana da wata fa'ida: ruwan taurarin yana ɗaukar kwanaki, daga tsakiyar Yuli har wajen 24 ga Agusta ana ganin ɗaiɗaiku, dare biyu kafin ƙololuwa da ɗaya ko biyu bayanta duk suna da ɗan abin gani. Kana da ƙofofi huɗu ko biyar da za ka ƙwanƙwasa, wataƙila ɗaya ta buɗe.

Hazo dabam ne. Ƙurar hunturu tana tasowa ne daga hamada, babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki ne mai farar ƙasa mai laushi kamar gari. Idan iskar arewa maso gabas ta yi ƙarfi a can, sai ta ɗebo ƙurar, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ta iso mu. Duk mutumin Kano ya san ranakun da rana ke zama kamar farin faranti, jirage su kasa sauka. A irin wannan daren babu abin da za ka gani sai 'yan manyan taurari. Amma ba kowane daren Disamba ne haka ba. Ƙurar tana zuwa ne kashi-kashi, ta yi kwana biyu ko uku ta lafa. A yawancin darare abin da ake samu hazo ne matsakaici, kuma shi ragi yake yi, ba ya shafewa. Yana cinye ƙananan, ya bar manyan. Ragin ba kaɗan ba ne, in faɗi gaskiya. Masana suna auna hasken taurari mataki-mataki, kuma idan hazo ya rage maka mataki ɗaya kacal, fiye da rabin abin da za ka gani ya tafi, domin ƙananan sun fi manyan yawa nesa ba kusa ba. Duk da haka, rabin 120 ko kashi ɗaya cikin ukunsa ya fi babu.

Akwai wata dabara da yanayin ƙurar ya ba mu. Ƙurar hunturu a ƙasa-ƙasa take kwanciya, cikin 'yan kilomita na farko. Idan ka kalli gefen sama, idonka yana ratsa doguwar hanya cikin ƙura. Idan ka kalli tsakar ka, gajeriyar hanya ce. Shi ya sa a daren hazo za ka ga gefe-gefe fari fat amma tsakiya da taurari. To tushen ruwan Disamba a tsakiyar yake yawancin dare, daidai inda ƙurar ta fi sauƙi. Da a ce na Agusta ne ya faɗo cikin hunturu, da tushensa na ƙasa-ƙasa, da an sha wuya. Wani abin kuma shi ne hazo yana haɗa baki da fitilu. Ƙurar tana kama hasken birni ta watsa shi ko'ina, sai sama ta yi ja-ja. Hazon da a ƙauye ba zai hana ka komai ba, a tsakiyar Kano ko Kaduna zai iya kashe maka dare. Don haka tafiya wajen gari ta fi biyan kuɗinta a Disamba. Ka kuma yi nesa da inda ake ƙona daji ko kara, domin hayaƙin yana ƙara wa hazon kauri.

Sannan ana iya hango ƙura tun kafin ta iso, abin da hadari bai cika bari ba. Tunda tafiyar kwana ɗaya ko biyu take yi, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da gargaɗin hazo, akwai kuma wata cibiya a Basalona ta ƙasar Sifaniya da ke wallafa taswirar hasashen ƙura na arewacin Afirka a intanet, manhajojin yanayi irin su Windy ma suna nunawa. Ko ba ka da ɗaya daga ciki, idonka ya isa. Dubi faɗuwar rana a ranar. Idan ta kai ƙasa tana da ƙarfin da ba za ka iya kallonta ba, daren zai yi kyau. Idan ta dushe ta ɓace tun tana saman bishiyoyi, ka rage buri. Abu ɗaya da za ka kiyaye: na Disamba ƙololuwarsa daren 13 wayewar 14 ne ko wanda ke biye, kuma bayan ta wuce adadin yana faɗuwa da sauri. Idan hasashe ya nuna ƙura na tafe, gara ka fita dare ɗaya kafin ranar da ka jira dare biyu bayanta.

Akwai alƙali na uku da zai iya soke duk wannan hukunci, shi ne farin wata. A nan mu muke da sauƙin da wasu ba su da shi, domin kwanan watan Musulunci da ke jikin kalandar kowane gida shi ne amsar. Idan daren ya faɗo tsakanin 27 ga wata da 5 ga sabo, ka samu duhu. Wajen 7 ga wata, watan zai faɗi da tsakar dare ya bar maka sauran. Daga 12 zuwa 18 kuwa, farin wata zai wanke sama kusan dare duka, ba za ka ga komai ba sai manya. Wajen 22 yana fitowa ne da tsakar dare, sai ka yi kallonka kafin ya fito, kuma wannan na Disamba kaɗai yake yi wa amfani tunda shi ne ke farawa da wuri. Kowace shekara kwanan watan yana matsawa gaba da kimanin kwana 11. A Disambar 2023 daren ya zo daidai da tsayuwar sabon wata, duhu dunɗum. A 2024 ya faɗo gab da cikar wata, aka yi asara. A lissafin 2026 duka biyun suna da kyau: 12 ga Agusta ƙarshen Safar ne, babu wata sam, 14 ga Disamba kuma farkon Rajab, jinjirin wata zai faɗi tun da sauran dare. A 2027 abin ya juya: na Disamba yana tare da cikakken wata, na Agusta kuma watansa ɗan kwana goma ne, zai faɗi kafin ƙarfe uku ya bar awoyin gab da asuba cikin duhu. A irin wannan shekarar na Agusta ne ke da rinjaye, in gajimare ya yarda.

Sai wahalar jiki, wadda mutane ke rainawa har sai sun ɗanɗana. A Agusta ƙasa a jiƙe take, raɓa tana sauka a kan tabarma da tufafi, sauro yana lokacinsa kuma lokacin zazzaɓin cizonsa ke nan, ciyawa ta yi tsawo ga macizai da kunamu, gero da dawa sun tashi sun tare gefen sama, hanyar ƙauye kuma ta iya yankewa bayan ruwa ɗaya. A Disamba an yi girbi, gonaki sun zama fili, ƙasa a bushe, sauro ya ragu, hanya lafiya. Abokin gabanka sanyi ne. Kada ka auna shi da sanyin da kake ji kana tafiya. Mutumin da ke kwance bai motsi a fili da ƙarfe biyu na dare, jaura tana kaɗawa, sanyi yana shigarsa ta ƙasa. Ka shimfiɗa bargo a ƙarƙashinka kafin wanda za ka rufa, ka sa hula da safa, ka tafi da shayi a fulas. Mai asma ko ciwon ƙirji ya sa takunkumi, in hazon ya yi kauri ya haƙura. Kada kuma a hura wuta don jin ɗumi, duk da na san ita ce al'adar hunturu. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kallon wuta ko fuskar waya sau ɗaya yana mayar da kai farko.

Ba zan tsallake batun tsaro ba. A wurare da yawa yanzu fita daji da dare ba abin yi ba ne, kuma babu ruwan taurarin da ya kai ran mutum. Ba sai ka shiga daji ba. Gidan dangi a ƙaramin gari, rufin soro, saman bene, filin makaranta a gefen unguwa, duk sun wadatar, muddin babu fitila a idonka. Ka isa da rana, ka kwana a can, ka sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri abin da ya fito da ku, don kada a ga mutane kwance a fili a yi zaton wani abu.

Wurin da kake zaune yana ɗan sauya lissafin. Mutanen Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, su cire rai da Agusta, gajimarensu ya fi namu, amma a Disamba suna da kyakkyawan dare in sun jure sanyi. 'Yan'uwa na zango a Akara da Kumasi, da na Legas, suna samun ɗan tsagaitawar ruwa a Agusta, sai dai tsagaitawar da lumshin gari take zuwa, kuma tushen ya fi yi musu ƙasa, don haka su ma Disamba ce. Wanda ke can arewa, Agadas da kewayenta, shi ne ke da dama mafi girma a Agusta, domin ruwansu kaɗan ne ko da yake su ma watan ruwansu ke nan.

Idan wata ya ɓata Disamba kuma ba ka son cacar Agusta, akwai ƙananan zaɓi. Wanda na fi so shi ne na 21 zuwa 22 ga Oktoba, tarkacen tauraruwa mai wutsiya ta Halley, wadda ta zo a 1986 kuma ake jiran dawowarta a 2061. Adadinsa kaɗan ne, kimanin ashirin a awa a lissafin dare mafi kyau, amma yana faɗowa cikin kaka, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta kankama ba, tushensa kuma yana hawa kusan tsakar kanmu kafin asuba. Akwai wani na 5 zuwa 6 ga Mayu, shi ma daga Halley, ya fi na Oktoba yawa kuma ya fi dacewa da ƙasashenmu fiye da Turai, amma awa ɗaya ko biyu kawai yake bayarwa gab da asuba, a lokacin da gajimaren farkon damina ya fara leƙowa. Na 3 zuwa 4 ga Janairu yana da ƙarfi a takarda, sai dai ƙololuwarsa 'yan awoyi ce, in ta faɗo da rana an rasa, ga shi a tsakiyar ƙura.

Abin da nake yi yanzu, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, shi ne kuɗin mota da alkawarin yara na Disamba ne. Tun farkon watan nake duba kalanda in ga kwanan wata, ranar 11 in fara bin hasashen ƙura, in ware dare biyu, 13 da 14, in zaɓi wanda ya fi. Agusta kuwa ba na tafiya ko'ina kuma ba na yi wa kowa alkawari. Ina sa agogon waya ƙarfe uku daga daren 10 zuwa na 14, in leƙa tsakar gida. In na ga taurari sai in shimfiɗa tabarma in miƙe ƙafafu wajen arewa, in kuma gajimare ne in koma in kwanta, ban yi asarar komai ba.

Disambar da ta biyo bayan wancan daren na ƙauye, na sake ɗaukar yaran, wannan karon ban faɗi adadi ba. Akwai ɗan hazo, gefen sama fari. Muka kwanta a gonar da aka girbe bayan gida, kowa ya fuskanci ɓangarensa don kada wani ya wuce ba a gani ba. Kaza da 'ya'yanta tana bisa kanmu, taurarin nan uku da ke jere suna hawowa daga gabas. Ba a yi minti goma ba wani fari ya tsaga daga gabas ya nufi kudu, a hankali, har kowa ya samu ya juya. Ɗan ƙanena ya tashi zaune cikin bargo ya ce, "Baffa, na gani da idona!" Ya ƙirga goma sha ɗaya kafin barci ya ɗauke shi wajen sha ɗaya da rabi.